Daro ɗaya, 'yan mata biyu

A gidanmu na Unguwar Shanu, in an idar da sallar magariba, Kaka kan ja tabarmarta kusa da murhu, mu jikoki mu kewaye ta kafin tuwo ya sauka. Ba ta gaggawa. Sai ta gyara itace, ta yi bismilla, sannan ta ce, "Ga ta nan a bakin ƙofa." Mu ce ta shigo.

Akwai tatsuniyar wasu 'yan mata biyu da uwarsu ta aika rafi da daro ɗaya, kowacce ta riƙe gefe. Babbar akwai sauri, ƙaramar tana ɗingishi. A gida uwa ta hura wuta, tukunya ta yi zafi, ba ruwa. Duk sanda babbar ta ja gaba sai ruwan ya zube, su koma rafi.

"To, laifin wa?" in ji Kaka.

"Na mai ɗingishi."

"Haka kuka gani? Allah ya bar muku ƙafafunku."

Ƙarshen ban riƙe shi ba. Ƙamshin miya ke ɗauke mini hankali.

Da na girma na yi niyyar naɗar muryarta, daga baya in rubuta tatsuniyoyin da ajami. Na je mata da laftof ɗina. Lokacin tsufa ya kama ta, kalma sai ta yi ta nema kafin ta fito. Na'urar ita ma ta yi nauyi, komai na taɓa sai na jira. Raina ya ɓaci.

"Kaka, ki ɗan yi sauri mana."

"Ɗan nan, ai yanzu muka isa rafin."

Na rufe laftof, na ce zan dawo in an gyara.

Wani mai gyara a Mando ya buɗe cikin na'urar, ya nuna mini wasu 'yan siraran alluna biyu da ake kira ram. Ya ce su ke miƙa wa injin abin da zai yi aiki a kai, in sun yi jinkiri injin zama yake yana jira.

"Malam, wannan sabuwa ce, wannan tsohuwa. In aka haɗa su, mai saurin saukowa take ta bi tafiyar 'yar'uwarta. Mu cire tsohuwar."

Na ce ya cire. Kafin a samo madadinta, Allah ya yi wa Kaka rasuwa.

Yanzu na'urar gudu take, ba abin da zan naɗa. Abin da ke hana ni sakewa shi ne, ran nan akwai takarda da alƙalami a aljihuna, hannuna kuma daidai yake da tafiyar bakinta. Ƙarfe ma ya san ya jira ɗan'uwansa. Na rubuta abin da na tuna, ina nema mata rahama, ina nema wa kaina gafara. Rubutun ya tsaya a bakin rafi, 'yan matan na riƙe da daro.