Baitin da Faifai Bai Ɗauka Ba

Duk wanda ya tashi a kwarinmu na gabashin Kentaki ya san waƙar Virgil Sizemore tun bai san damansa da hagunsa ba. Baiti uku ce: rufin ramin kwal ya rufta, mutum biyar na ciki, Virgil ya hango haske ya ruga ya fito shi kaɗai. Daga nan goge ya yi kukansa, faifai ya ƙare. Direbobin manyan motoci na rera ta har Texas. Mu kuwa a makaranta, in yaro ya tsere daga faɗa sai a bi shi da "Gudu dai, Virgil!" Ni ma na yi wannan tsiyar, Allah ya yafe mini, kuma a ƙofar gidan 'yarsa.

Goggo Oleta ke nan. Doguwa ce mai manyan hannuwa, shekara arba'in tana dafa mana abinci a makarantar firamare, kuma har yau ban ci burodin masara irin nata ba. Tana da in'ina mai tsanani, shi ya sa ba ta cika magana ba. A coci ma baki a rufe take tsayawa.

Sai da na girma na zama maƙwabciyarta ta ba ni labarin, muna zaune a barandarta muna shirya ɗanyen wake a zare don shanya. Ta kwashe yini tana faɗa, kalma na maƙalewa tana jiran ta. Wai tana shekara shida Dewey Napier, wanda ya yi waƙar, ya zo wannan barandar da jitarsa ya rera wa mahaifiyarta, kwana tara bayan jana'izar mahaifinta. Baiti huɗu ya yi. A na huɗun Virgil ya ɗauki igiya ya koma ciki, ya jawo mutum uku, da ya koma ɗauko na ƙarshe sauran rufin ya sauko. Amma da Dewey ya je birnin Nashville ɗaukar waƙar, faifan zamanin minti uku kawai yake ɗauka. Wani mai agogo a hannu ya ce a yanke. Dewey ya yarda, da niyyar zai sake ɗauka wata rana, sai motarsa ta kife a kan ƙanƙara ya mutu kafin shekara ta zagayo. Waƙa ta tashi ta bar gaskiya a baya. Aka rufe ramin, waɗanda suka ga abin da idonsu suka watse Ohio neman aiki, yawancinsu suka mutu a can.

Na tambaye ta ko tana tune da baitin. Ta ce tana tune, in ban da layi ɗaya a tsakiya da ya ɓace mata, kuma ya fi komai ci mata rai.

Bara kwamitin coci ya yanke shawarar kafa dutse a maƙabarta da sunayen duk waɗanda ramin ya ci. Estill Combs, shugaban kwamitin, ya ce ban da Virgil. Ba mugu ba ne Estill, kayan gini yake sayarwa, amma ya ce baƙi na zuwa saboda waƙar, kada a mai da dutsen abin dariya. Da na kawo masa zancen baiti na huɗu sai ya ce, "Haba 'yar'uwa, wace 'ya ce ba za ta ƙara wa ubanta baiti ba?"

A ranar gyaran kaburbura za a karanta sunayen, ranar da dangi ke dawowa daga ko'ina, a share ciyawa, a sa furanni, a baje soyayyar kaza da wake a ƙarƙashin itatuwa. Cikin waɗanda suka zo har da tsoho Arvel Turner, ɗan shekara casa'in da biyu, 'yarsa ta kawo shi daga Ohio, yana kan keken guragu. Ta ce mana kada mu damu da gaishe shi, ita ma ba ya gane ta, shekara biyu rabon da ya haɗa kalma biyu.

Estill ya karanta sunaye talatin da ɗaya ya naɗe takarda. Sai Goggo Oleta ta miƙe. Ta buɗe baki, sunan ubanta ya tsaya mata a maƙogwaro, ta yi ta kokawa da shi.

"Zauna ki huta, Goggo," in ji Estill. "Kaza na hucewa."

Wani ya yi dariya a baya. Ita kuwa ta rufe ido, ta fara waƙa.

Jama'a, shekara sittin ina wannan kwarin ban san akwai irin wannan murya a cikinsa ba. Babu in'ina ko ɗaya. Ta fito siririya, sama-sama, ta bi kan kaburbura har ta taɓa tsaunin da ke tsallake ta dawo. Ta rera yadda ya ɗaura igiya a ƙugu, yadda ya juya wa rana baya. Sai ta iso gurbin layin nan, ta yi shiru.

Daga keken guragu wata murya ta ɗauka, tana rawa amma daidai kan kiɗa. Arvel ne, idonsa a kan itatuwa: "Ya fito da Turner, ya fito da Hall, ya goyo Hobart Combs a bayansa."

'Yarsa ta toshe baki da hannu. Goggo Oleta ta shiga, suka ƙarasa baitin tare, ita a sama shi a ƙasa, kamar sun shekara suna gwadawa. Da suka gama, ba ka jin komai sai ƙudan zuma a kan furanni.

Hobart Combs kakan Estill ne, ya rasu tun kafin a haifi jikan. Estill ya cire hula, ya warware takardar, ya dafa ta a kan gwiwarsa ya yi rubutu, sannan ya karanta da ƙarfi: "Virgil Sizemore."

Goggo Oleta ba ta ko dube shi ba. Ta je ta durƙusa gaban keken, ta kama hannun tsohon, ta roƙe shi ya maimaita mata layin sau ɗaya. Arvel ya riga ya koma yadda yake a da, yana kallon ta kamar baƙuwa. Ta jira, ta jira. Sai na ga leɓɓanta na motsi, tana jera sunayen uku a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kuma ko ɗaya bai maƙale ba.