Malam Mahadi, Wanda Ake Yin Shiru In Ya Iso

Kullum da safe, idan rana ta ɗan ɗago, Malam Mahadi yakan turo tsohon babur ɗinsa daga zaure a Tudun Wada, ya jingine shi a gindin dalbejiya, ya zauna a ƙarshen bencin mai shayi. Ruwan bunu yake sha da rabin burodi, ga wani littafin rubutu mai baƙin bango a kan cinyarsa. Da zarar ya zauna sai hira ta canza. Mai zagin gwamnati ya koma maganar tsadar taki. Mai ba da labarin abin da ya faru a hanyar Tsafe ya tuna yana da uzuri. Shekara talatin da biyu ana yi masa haka a Gusau, kuma ya sani.

Wata rana mai shayin ya kasa haƙuri, ya ce, "Malam, wai mi kake rubutawa?"

"Abin da na ji kuna faɗi."

"Ka kai ma wa?"

"In kai wa jikokinku."

Mai shayin ya yi dariya, amma daga ranar ya ƙara rage murya.

A wannan watan Malam Mahadi ya yi ritaya daga kwalejin da yake koyarwa. Haifaffen Kwatarkwashi ne, ɗan manomi. A takarda malamin Hausa ne, amma ainihin aikinsa nazarin al'ada, kuma mutane kaɗan ne suka gane abin da hakan ke nufi. Shi a wurinsa littafin labari da fim da zanen da mata ke yi a jikin ƙwarya duk hira ɗaya ce jama'a ke yi da kanta. Yakan ce in kana son sanin abin da ke cin mutane a rai, ka duba wanda suka ture gefe a cikin labarinsu.

Suwaiba, wadda ta yi karatu a hannunsa, yanzu tana koyarwa a Bungudu, ta tuna yadda yake tsayar da fim ana tsakiyar kallo a aji. Ɗalibai su yi ta guna-guni, shi kuwa ya nuna gefen allo ya ce, "Wancan da ya kawo nono aka yi masa dariya, mene ne sunansa?" Ba wanda ya sani, domin fim ɗin bai ba shi suna ba. Ya bi finafinai da littattafai na shekaru masu yawa, ya nuna yadda makiyayi ya tashi daga abin dariya ya koma abin tsoro, ba tare da an taɓa barinsa ya zama mutum mai suna da uwa ba. Ya rubuta wannan da Hausa, a ƙaramin littafin da ɗan sakandare zai iya karantawa.

Abin da ya samu shi ne zargi daga ko'ina. Masu shirya fim suka ce ɗan leƙen asirin masu tace finafinai ne. Wasu malaman unguwa suka ce yana koya wa yara kallon banza da sunan ilimi. Abokan aikinsa suka ce ai Turanci ne ya gagare shi, wasunsu kuma suka ce akwai waɗanda ke tura shi daga ƙasashen waje. Da rashin tsaro ya yi tsanani sai zargin ya yi nauyi, aka fara raɗa cewa yana kare mutanen daji. Masu raɗar ba su san cewa ɗan wansa na cikin waɗanda aka sace a gona aka kashe ba. Bai taɓa kawo wannan hujja don wanke kansa ba.

Damina biyar da suka wuce, ya ji labarin wata tsohuwa, Inna Husna, a wata ruga bayan wani ƙauye a ƙasar Tsafe. An ce ita kaɗai ta rage da ta san sunayen zanen ƙwarya na da. Danginta ba su shiga daji ba, su ma an kore musu shanu sau biyu. Matarsa Delu ta roƙe shi kada ya je. Ya ce tsohuwar ta haura tamanin, ba za ta jira a samu zaman lafiya ba.

Inna Husna ma ba ta yarda da shi ba. Zuwan farko ta tambaye shi wa ya aiko shi, ta bar shi zaune a rana. Zuwa na biyu ta ba shi ruwa kawai. Sai a na uku ta fito da ƙorenta, tana nunawa tana faɗin sunan kowane zane, shi kuma yana kwafa, yana sa lamba a gefe.

Da la'asar, a kan hanyarsa ta komawa, 'yan sa-kai suka tare shi a bakin ƙauyen. Kwana shida kafin nan an kai musu hari, an kashe mutum huɗu, har da ƙanen shugabansu. Shugaban wani matashi ne da za mu kira Faruk. Suka ga baƙo ya fito daga wajen ruga. Suka caje jakarsa, Faruk ya buɗe littafin, ya ga layuka masu lanƙwasa, da ɗigo-ɗigo a jere, da lambobi.

"Wanga ba hanyar rafi ba ce?" in ji Faruk. "Waɗanga ɗigon ba gidajenmu ba ne? Nawa sunka ce ka ƙirgo musu?"

"Zanen ƙwarya ne, ɗana."

"Kar ka ƙara ce mini ɗanka."

Suka ɗaure masa hannu ta baya, suka zaunar da shi a gindin tsamiya. Jama'a suka taru. Wani ya ce ya sha ganinsa a Gusau yana rubuta maganar mutane. Wani ya ce ai dama an san shi. Malam Mahadi ya dubi fuskokin, ya ga babu mugu a cikinsu, mutane ne da tsoro da baƙin ciki suka cika, kuma wannan ya fi ba shi tsoro. Ya tuna Delu a ƙofar gida da safe, ba ta ce masa a dawo lafiya ba saboda fushi. Katin aikinsa na cikin aljihu, amma ya san kati ba zai yi magana a nan ba.

Ya ce, "Abu ɗaya nake roƙo. Ku kira mini tsohuwar da ta fi kowa shekaru a garin nan, ku nuna mata. In ta ce taswira ce, ku yi abin da kuka ga dama."

Aka yi ta musu, daga baya aka je aka zo da Lantana, goggon Faruk, tana dogara sanda. Ba ta iya karatu ba, a juye ma ta riƙe littafin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sa yatsa.

"Wanga sawun zabuwa ne. Wanga kuma igiyar maraƙi." Ta buɗe wani shafin. "Ina kika ajiye ƙwaryata ta aure?" ta tambayi surukarta da ta rako ta.

Aka ɗauko ƙwaryar, ta yi baƙi don tsufa, an ɗinke tsaguwarta. Lantana ta ajiye ta kusa da shafin. Ɗigon da Faruk ya ɗauka gidajensu ne, ga su nan a jere a bakin ƙwaryar.

"Uwar Husna ta zana mini ita, shekarar da anka kawo ni garin ga," in ji ta. "A cikinta na dama ma ubanka fura, Faruku. Kwance bawan Allah."

Faruk ya kwance shi da kansa. Bai ba shi haƙuri ba, bai kuma dube shi ba. Wasu a cikin taron suka watse suna cewa malamin wayo ne da shi, ko tsohuwar ma ya ruɗe ta.

Kafin mako ya zagayo, dangin Inna Husna suka tashi daga rugar, har yau ba a san inda suka nufa ba. Malam Mahadi ya ɗora laifin a kansa, yana ganin zirga-zirgarsa ce ta jawo musu ido. Shekara guda bai fita nazari ba. Da ya buga zanen a littafi, sunanta ya sa a bango, nasa a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Aka matsa masa ya kai ƙarar waɗanda suka ɗaure shi, ya ƙi, ya kuma ƙi faɗin sunan ƙauyen. Abin da ya ce kawai shi ne, "Yaron bai gama karɓar gaisuwar ƙanensa ba."

Malam Mahadi, kai ne wanda muka yi wa zato iri-iri, bai taɓa rama mana da zato ba. Kai ne ka koya wa 'ya'yanmu su tuhumi labari, alhali mu mutum muke tuhuma. Na Kwatarkwashi, mai tambaya ba don gulma ba! Har yanzu akwai masu cewa ba a san wanda kake yi wa aiki ba, kuma wataƙila ba za su daina ba. Ranar bikin sallamarka kujerun da aka jera sun fi mutanen da suka zo yawa. Mun gani, mun ji kunya.

Mun gode, Malam. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Masu fim da marubuta da malaman makaranta, ku yi koyi da shi: ku ba mutanen cikin labarinku suna, ku je wurin tsofaffinku tun suna iya magana, kuma kafin ku yanke wa mutum hukunci ku nemi wanda ya san abin da ke hannunsa.

Yanzu da ya huta da aji, ya buɗe zaurensa duk ranar Asabar da hantsi ga duk mai son zuwa. Ba rajista, ba sharaɗi. Delu ce kawai ke da gargaɗi ga masu niyya.

"Ku zo da tambayarku a shirye," in ji ta. "In kuka zo hannu sake, shi zai fara tambayarku, kuma wallahi sai azahar ta same ku a nan."