Hidimar Habu Mai Caji

Idan ka shiga Darrasa kana neman Ustaz Abubakar, sai dai a yi ta kallon juna, don Abubakar a unguwar nan sun fi a ƙirga. Amma ka ce Habu Mai Caji, ko mai gasa dankali a bakin titi zai nuna maka lungunsa. Mutumin Haɗeja ne, gajere, mai ɗan tsinin gemu da saurin hawa. Karatu ne ya kawo shi Alƙahira shekara goma sha wani abu da suka wuce. Nahawu ya kayar da shi sau biyu, a karo na uku bai jira a kayar da shi ba, ya sauka da kansa. Ya koyi gyaran waya a hannun wani ɗan Masar, ya samu ɗan teburi a bakin wani kantin littattafai, da ɗaki a saman rufin wani tsohon bene inda maƙwabtansa su ne tantabaru da igiyoyin shanya. Gida kuwa bai koma ba. Kullum cewa yake sai ya kintsa, kuma har yau bai kintsa ba.

A duk shekara, mako ɗaya ne Habu yake jin kansa wani: makon maulidin Sayyidina Husaini. A lokacin lungunan da ke kewaye da masallacinsa sukan cika maƙil da tantuna. Mutanen karkara su zo da barguna da tukwane da risho, su yada zango a titi, ga bandiri, ga sarewa, ga masu bege kowa da lasifikarsa. Hausawan Sudan da na Najeriya da na Nijar su ma suna da tantinsu a wani siririn lungu. Al'adar wurin ita ce kowa da hidimarsa, kuma ba a karɓar ko sisi. Wata tsohuwa Hajiya Mawada shayi take dafawa, wani ruwa yake rabawa, wani wake da burodi. Hidimar Habu ita ce caji.

Wani dogon katako ne da shi wanda ya jera wa soket, yana jawo masa wuta daga wani shagon gahawa da ke bakin lungun. Ba ya rubuta suna, ba ya ba da lamba. Waya yake ganewa kamar yadda makiyayi ke gane awakinsa: wannan mai tsagaggen gilashi ta dattijon nan ɗan Sinnar ta Sudan ce, waccan da aka ɗaure da kyauro ta matar nan mai tari ce. Mutumin da ya kwana uku a titi, iyalinsa na can nesa, idan aka miƙo masa wayarsa cike, addu'ar da yake yi ba ƙarama ba ce. Habu na son addu'ar, amma ba ita ce ta fi tsaya masa a rai ba.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne la'asar ɗin ranar ƙarshe. A lokacin ne Malam Bakri, tsohon mai begen tantin, wanda idonsa ya yi rauni amma muryarsa ba ta san ya tsufa ba, yakan ɗauki bandiri ya yi wa masu hidima addu'a cikin waƙa, ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa da na garinsu. Habu yakan ɗauki muryar a waya ya tura wa ƙanwarsa Ummi, ita kuma ta kunna wa Inna. Inna ba ta taɓa tambayarsa ina takardar karatu ba. Abin da ta sani shi ne duk shekara ana ambaton ɗanta a gindin babban masallaci a Masar, kuma tana kunna wa duk wadda ta shigo gidan, har mai tallan daddawa. Kiran bidiyo kuwa Habu ba ya yarda da shi. Yakan ce sabis ne babu kyau, alhali ɗakin ne da furfurar ba ya so a gani.

Bana sai ga Tarig.

Bahaushen Sudan ne, dogo, mai sanyin magana, yaƙi ya koro shi daga Khartoum ya sauka a unguwar Faisal, can wani gefen Alƙahira. Ranar farko ya shigo tantin da wani abu a naɗe a hammata kamar darduma, ya warware shi a bakin lungu, sai ga farantin sola. Daga jaka kuma ya zazzage ƙananan batura masu ajiye caji, irin waɗanda mutum zai sa a aljihu ya tafi da wayarsa.

“Salamu alaikum, Yaya Habu,” in ji shi, har da ɗan rusunawa. “An ce kai ne babbanmu a wannan hidima. Na zo in taya ka.”

“Wa ya ce maka na gaji?” in ji Habu.

Tarig ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne.

Kafin azahar mutane sun gano daɗin abin. A wurin Habu sai ka bar wayarka ka tafi, zuciyarka na kanta. A wurin Tarig kuwa batir za a ba ka, ka shiga zikiri da wayarka a aljihu tana shan wuta. Matasa suka fara komawa can, sannan mata. Habu na zaune gaban katakonsa, rabin soket ɗin babu kowa, yana yi kamar yana gyaran wata caja da lafiyarta ƙalau. Kishi ne ya kama shi, irin mai hana mutum jin ɗanɗanon shayi. Duk dariyar da aka yi a bakin lungu sai ya ji kamar da shi ake. Da ya ga Hajiya Mawada ta kai wa Tarig shayi har da na'ana'a a ciki, sai ya tuna shi shekara nawa yana shan nasa haka nan gaya.

Wanda ya ƙarasa shi shi ne Malam Bakri. Tsohon yana da wata 'yar waya mai madannai wadda tun da aka fara hidimar nan Habu ne ke yi mata caji. Rana ta biyu sai ga ta a hannun Tarig. Habu ya ji tsohon na tambaya, “Kai ɗan wane gari ne, ɗana? Faɗa mini sosai in riƙe.” Ai kuwa Habu ya san abin da ake yi da sunan gari. A ransa ya ce khalas, an gama. Bana Inna za ta ji an kira ɗan wani, ko kuma a haɗa su biyu a baiti ɗaya kamar buhun gero da na dawa.

Daga ranar bai sake kwana a ɗakinsa ba. Da, yakan hau sama ya yi barcinsa ya dawo da safe. Yanzu ya ɗauko bargo ya shimfiɗa a gindin katakonsa, wai kada masu sammako su zo su tarar ba ya nan su wuce gaba. Mutumin da ɗakinsa ke nan kusa, ga shi yana layin ban-ɗakin masallaci da buta tare da baƙi.

Sai dai farantin Tarig yana da matsala ɗaya. Lungunan Darrasa ba su cika ganin rana ba, sai ta take tsaka take leƙowa, ta ɗan jima ta wuce. Rana ta uku Tarig ya zo ya tsuguna kusa da shi.

“Yaya Habu, an ce ɗakinka a saman rufi yake. Da za ka bari in shimfiɗa farantin can, da mun ishi kowa, ni da kai.”

“Ma'alish, yi haƙuri,” in ji Habu, bai ko ɗago kai ba. “Mai gadin gidanmu mugu ne. Ba ya barin baƙo ya hau.”

Mai gadin nan kuwa tsoho ne da rabin yininsa barci ne, ko raƙumi ka hau da shi ba zai farka ba. Tarig ya ce tamam, babu komai, ya koma.

Akwai kuma abin da Habu ya sani bai faɗa ba. Ranar ƙarshe akan rufe saman lungun gaba ɗaya da jajayen yadudduka na ado, rana ba ta samun ko ƙofar allura. A ranar ce kuma mai gahawa ke janye wutarsa ya ba masu lasifika da fitilu. Shi Habu ya daɗe da sanin maganin wannan: wani tsohon batirin mota ne da shi da 'yar na'urar da ke juya wutarsa, yakan cika shi ya ɓoye a ƙarƙashin katako don wannan rana kaɗai. Sau biyu bakinsa ya ɗauko maganar zai gaya wa Tarig, sau biyu ya mayar da ita ya haɗiye.

Ranar ta zo kamar yadda ya zata. Da hantsi aka ja yadudduka, lungu ya yi ja ya yi inuwa. Baturan Tarig suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe farantinsa ya zauna a kai. Jama'a suka juyo wurin Habu kamar an buɗe famfo. Wayyo daɗi! Habu ya miƙe tsaye, hula a ƙeya, yana karɓa yana jonawa yana ba da umarni. “Yalla, kawo nan! Hajiya, taki ta kai rabi, cire ki ba wani wuri!” Duk wanda ya gane daga wurin Tarig ya dawo, sai ya ƙara masa fara'a, ya ɗaga murya yadda za a ji a bakin lungu: “Ai wutar ƙasa ba ta jiran rana.”

Tasa wayar tun safe take kukan yunwa. Ya jona ta, sai ga wani da waya a hannu. A ƙa'idar tanti mai hidima shi ne na ƙarshe, mai shayi ba ta sha sai kowa ya sha. Amma a gaskiya ba ƙa'ida ce ta sa Habu ya cire tasa ba. Ba ya so ne a ce ko mutum ɗaya ya zo wurinsa ya koma ba a karɓa ba, Tarig na kallo. Ya cire, ya jona ta baƙo. Ya sake jonawa, ya sake cirewa. Haka aka yi ta yi har batirin motar ya yi ƙara ya ɗauke, daidai lokacin da ake kiran la'asar.

Bayan salla Malam Bakri ya zauna, aka miƙa masa bandiri. Tanti ya yi tsit. Ya fara da Hajiya Mawada, ya wuce kan mai ruwa, ya taɓa Tarig a baiti ɗaya gajere, ya roƙa masa Allah ya mayar da shi gida lafiya. Sannan ya ɗaga murya ya kira Habu na Haɗeja. Habu ya zaro waya ya danna. Baƙi ƙirin. Ya sake dannawa, ya girgiza ta, ya danne da ƙarfi kamar mai tayar da wanda ya suma. Ko motsi.

Tsohon kuwa bai taɓa daɗewa a kan sunansa kamar bana ba. An gaya masa Habu ya bar ɗakinsa ya kwana a ƙasa tare da baƙi duk makon, shi kuma ya ɗauka tsabar son hidima ce. Ya yi ta jero addu'a, ya haɗa da uwar da ta haife shi, jama'a na amsawa da amin, wasu na dafa kafaɗarsa. Habu na tsaye da matacciyar waya a hannu, hawaye na zuba. Mutane suka ce shauƙi ne ya kama shi.

Da aka watse, sai ga Tarig. Tun da aikinsa ya tsaya da hantsi ba abin da ya taɓa wayarsa, cike take.

“Yaya Habu, na ga kamar taka ta mutu, sai na ɗaukar maka. Ba ni lambarka.”

Bidiyo ne. Washegari Habu ya kalle shi a teburinsa sau ba adadi. Ga shi nan tsaye a tsakiyar jan haske, tanti guda ya juyo yana dubansa, muryar Malam Bakri tar kamar a kunnenka. Bai taɓa ɗaukar abu mai kyan wannan ba, kuma wannan ma ya ba shi haushi. Ya so ya cire muryar kaɗai ya tura kamar kullum, abu ne da ba zai ɗauke shi komai ba. Amma ya kasa hana kansa a ga yadda aka kewaye shi. Ya tura wa Ummi yadda yake.

Amsa ta zo da yamma, muryar Inna ce, tana rawa.

“Habu, ashe haka ka yi furfura? Ka rame. Ummi ta mayar mini sau uku, ina ta shafa gilashin.” Ana jin jan hancinta. “Wane ne ya ɗauka? Wannan ɗa Allah ya yi masa albarka. Shekara da shekaru murya kake turo mini, shi ne ya nuna mini fuskar ɗana kafin in mutu. Allah ya jiƙan iyayensa, Allah ya ba shi mace tagari, Allah ya raba shi da hassadar mahassada. Ka ce masa yana da uwa a Haɗeja. Ka faɗa masa, Habu, kada ka manta.”

Sauran saƙon duk na Tarig ne. Habu ya saurara har ƙarshe yana jiran a dawo kansa, ba a dawo ba.

Bayan kwana biyu Tarig ya biyo ta Darrasa zai hau motar Faisal, farantinsa a hammata. Ya tsaya a teburin, fuskarsa a sake.

“Yaya Habu, an ce wa mahaifiyarka kake turawa. Ta gani?”

“Ta gani.”

“Me ta ce?”

Habu ya ɗauki ƙaramin sukundireba ya sunkuya kan wata waya da aka kawo gyara. Saƙon na nan a bakinsa, da nauyinsa.

“Ta ce hoton ya ɗan yi rawa.”

Tarig ya dafa ƙirji. “Ma'alish, wallahi hannuna ne, kuka nake yi. Ka ba ta haƙuri. Baɗi in sha Allahu zan riƙe da kyau.”