Ƙyallen da Aka Rufa wa Baba a Asibitin Ido

Damina ce, shekarar da sojoji suka koma bariki. Ina tuna ta kamar abin da na gani a barcin rana: kwalta a jiƙe, hayaƙin masaƙun Kakuri kwance bisa rufin kwano, kowace rumfa a Makera ana musu ko farar hula za su kai labari. Mu a gidanmu ba wannan ne a gabanmu ba. Yanar ido ce ta rufe wa Baba idanu biyun. Yakan ce mutane sun zame masa kamar kifi a ƙasan ruwa, motsinsu kawai yake gani.

A wani ƙaramin asibitin ido wajen Barnawa aka ba mu rana. Zuwan farko an auna jininsa a baranda lafiya lau, amma ana kwantar da shi a gadon tiyata jini ya yi sama. Likita ya ce ba a taɓa ido a haka, aka sallame mu. Da muka isa gida Baba ya rantse zai koma sau ɗaya tak, in an sake koro shi ya haƙura da gani. Kuma Baba in ya rantse, an gama.

Zuwa na biyu na tsare shi kamar mai gadi. Na ɓoye goro, na hana gishiri, na tsaya a kansa ya haɗiye maganinsa. Aka shiga da shi, na zauna a benci ina kallon fanka tana juyawa a kasalance, ruwa na sauka siriri a kan bishiyar mangwaro. Har na fara gyangyaɗi sai ga wata nas, dattijuwa 'yar kudancin Kaduna mai ƙaramin gicciye a wuya, ta riƙo shi. Jini ya sake hawa. Ta ce likita ya ba mu awa ɗaya, in bai sauka ba sai wani jiƙon.

Ni kuwa baki gare ni, ban iya ɓoye fushi ba. Na hau shi da faɗa, na ce goro ya ci a ɓoye, har aljihunsa na laluba. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce a hankali, “Fuska suke rufewa. Ni ma da fuska nake ƙarewa.”

Sai a nan na fahimta. Tun kafin a haife ni, in an yi rasuwa a layinmu Baba ake kira. Shi ke wanka, shi ke yanka farin alawayyo, shi ke naɗe gawa a likkafani, fuska yake rufewa a ƙarshe. Ga shi an kwantar da shi rigingine, an ce kada ya motsa, an ja masa ƙyalle har kansa. Ni 'yarsa ban gane ba, ina ta bin goro. Wallahi har yau in na tuna kunya nake ji.

Nas ɗin ta ji mu. Ba ta yi masa wa'azi ba, ba ta ce ya cire tsoro ba. Ta shiga ciki ta fito da irin ƙyallen, ta ɗora masa a cinya, ta ce ya duba da hannunsa. Ya murza bakin ƙyallen, ya bi ɗinkin da yatsa har ya kai tsakiya, ya tarar da rami zagayayye. Ya tsaya a nan. Ya tambayi launinsa, ta ce kore ne shar.

“Kore,” in ji shi. “Da taga kuma.”

“Ta nan likita zai leƙo ka, Baba. Ni kuma ina riƙe da hannunka. In na matsa, ka matsa.”

Ya daɗe da ƙyallen a hannu yana sa yatsa a ramin yana cirewa. Ruwa ya ɗauke, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo, can nesa jirgin ƙasa ya yi kuka. Da ta sake naɗa masa abin awo, sai na ga ta gyaɗa kai.

Aka koma da shi aka yi aikin, washegari aka cire bandeji. Ya yi ta ƙiftawa, hawaye na bin kuncinsa, ya kalli bango, ya kalli nas ɗin ya yi mata godiya, ya kalle ni ya yi murmushi. Muka fito baranda, na miƙa masa hannu yadda na saba shekara uku. Bai ma lura ba. Ya sauka matakala shi kaɗai, ya kauce wa wani ɗan kududdufi, ya nufi titi. Na tsaya da hannuna a miƙe ina dariya ina kuka, har ya waiwayo daga bakin ƙofa ya ce in ɗaga ƙafa.