Sifaniyanci a Bayan Shagon Tela

Irin masara ne ya ja ni ga Sifaniyanci. A ɗakin adana iri nake aiki a Samaru, kuma lokaci-lokaci akan aiko mana da ƙananan ƙunshi daga Meziko, da rubutu a jiki. Shekara da shekaru ina kwafe lambobin, ina tsallake kalmomin. Ran nan abin ya ishe ni, na sauke manhajar koyon harshe a wayata. Lokacin na ba hamsin baya.

Makon farko dariya na sha. Tebur a wajensu mesa ne, kwaɗo kuma rana. Da na ba abokan aikina labari sai suka sami abin tsokana. Kowa ya shigo sai ya ce, "Malama, in ɗora fayil a kan mesa, ko za ta haɗiye?" Amma Hausa ta taimake ni ba kaɗan ba. Kaɗa harshe wajen furta "ra" da ake ta gargaɗin yana da wuya, ni da shi na tashi. Raba kaya zuwa namiji da tamata ma ba baƙon abu ba ne gare mu, sai dai sau da yawa abin da muka ɗauka mace su namiji ne a wurinsu.

Ina cikin wata na huɗu na shiga keke zuwa Sabon Gari in karɓo ɗinkin kayan zumuntar mata na cocinmu. Mai yi mini ɗinki 'yar kudu ce amma haifaffiyar Zariya, Hausa a bakinta kamar tawa. Na zauna ina jiran ta ƙarasa kalmasa, iyafis a kunne, ina maimaita darasi a hankali. Sai na ji keken ɗinki ya tsaya.

"Anti, me kika ce yanzu?"

Na ji kunya. Na ce gaisuwar yamma ce da Sifaniyanci.

"Sake faɗa."

Na sake. Ta miƙe, zare na rataye a zaninta. "Irin abin da Mama take yi ke nan. Don Allah zo ki gani."

A hanyarmu ta zuwa bayan shagon ta ba ni labari. Mama surukarta ce. A tsibirin da tsofaffinsu ke kira Panya aka haife ta, inda ake Sifaniyanci, can mahaifin mijin telar ya auro ta lokacin da ya je aikin gonar koko. Duk zamanta a Sabon Gari Turancin Buroka take yi da yaren mijinta. Da ɓarin jikinta ya shanye aka kwantar da ita a asibitin Shika, ta dawo gida da sauƙi, amma harsunan nan biyu sun gudu. Sai na ƙuruciyarta kawai ya rage, ba mai jin sa a gidan. Ga shi kwana da kwanaki ta ƙi abinci.

"Sunan wata take ta kira, Muwela, Muwela. Maigida ya ce ƙila 'yar'uwarta ce da ta rasu. Shi ya sa hankalinmu ya tashi."

Abin da na iya bai wuce gaisuwa da ƙirga da sunayen sassan jiki da yadda ake neman kofi a kantin da ban taɓa gani ba.

Tana kishingiɗe a doguwar kujera, 'yar firit, an ɗaura mata kallabi tsaf. Na durƙusa kamar yadda zan yi wa uwata, na ce, "Buenas tardes, señora."

Idanunta suka buɗe. Ta kama wuyan hannuna da hannunta mai lafiya, sai magana ta ɓalle kamar an kwance famfo. Ban tsinci ko ɗaya ba. Can na tuna jimlar da na fi kowace haddacewa, wadda ake roƙon mutum ya yi magana a hankali. Na faɗa. Ta dube ni irin kallon da malama ke yi wa daƙiƙin ɗalibi, sannan ta ce, kalma ɗaya bayan ɗaya, "Me duele la muela."

"Duele" na sani, ciwo ne. To ashe Muwela ba mutum ba ce, wani abu ne mai ciwo. Na haɗa 'yan kalmomina na tambaye ta mene ne muela. Ta yi tsaki. Ta ce, "Diente. Diente grande."

Haƙori. Babban haƙori.

Na juya ga telar. "Ba kowa take kira ba. Turmin haƙorinta ke ciwo."

"Haƙori?" Ta dafe kai. "Tana ta taɓa kumatu, mu kuwa muka ce ɓarin da ya shanye ne ke damunta!"

Ta dalla fitilar waya a bakin Mama. Can ƙurya dasashin ya kumbura sumtum. Ta fita da gudu tana kiran mijinta, ni kuma na zauna a ƙasa, tsohuwa riƙe da hannuna, dariya da hawaye suka haɗe mini.

Washegari aka kai ta wajen likitan haƙori, na ɗauki izini a ofis na bi su. Ni ce mai cewa buɗe baki, rufe baki, a ina yake ciwo. Likitan ya tambaye ni a wace ƙasa na yi karatu. Na ce a cikin keke, tsakanin Samaru da Kwangila. Kwana uku bayan cire haƙorin telar ta kira ni, ta ce Mama ta cinye teba da miyar kuɓewa har tana nuna tukunya.

Tun daga nan Asabar ɗina ta koma Sabon Gari. Mama ba ta da haƙurin manhaja. Ranar da na kira ta da "tú", kalmar da ake ce wa tsara, ta ɗaka mini duka a cinya, ta ce ita "usted" ce, ni ba sa'arta ba ce. Ta koya mini sumbatar kumatu biyu wajen gaisuwa, abin da na yi wata guda ina noƙewa. Ta koya mini Addu'ar Ubangiji, layi-layi, har sai da na daina tuntuɓe.

Da ta sami ƙarfin takawa da sanda, iyalin suka yi godiya a cocinsu. Ana tsakiyar sujada ta ce za ta yi magana, aka rasa yadda za a yi, sai ta nuno ni da sandarta. Na fito gaban jama'a. Ta yi jimla, na mayar da Hausa, ɗanta ya mayar da Buroka. Rabin abin da ta faɗa na kama, sauran na cike da abin da na ga ya dace. Da muka koma kujera ta jawo kunnena ta raɗa mini cewa ta ji duk inda na yi ƙari, kuma ranar Asabar za mu gyara.