Lambar wifi da na rubuta da alli a ƙofar zaure

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Kanan-Bakashe, kuma a lokacin da wannan abu ya faru ina ji da kaina ƙwarai. Duk wanda aka aiko wa takarda daga meri, ofishin magajin gari, ko daga asibiti, wurina yake kawo ta in karanta masa, in fassara, in ƙara masa da nasihar da bai tambaya ba. Mushe ake ce mini, wato malam da Faransanci, har tsofaffin da suka yi goyona. Na rubuto muku ne don abin ya yi mini nauyi a ƙirji, kuma babu wanda zan iya buɗe wa cikina a gida.

Wata ranar kasuwa na shiga Tasawa, na tarar wani kamfanin waya ya kafa rumfa yana tallar akwatin wifi na gida. Kamfanin nan shi kaɗai ne rezonsa, wato sabis ɗinsa na waya, ke isa garinmu, shi ma a waya sai ka hau tudun bayan kasuwa, kuma bai wuce saƙo ba. Akwatin kuwa yana da eriya da ake ɗaurawa a kan dogon ƙarfe, tana jawo rezo daga nesa. Mai tallar ya yi ta nanata mini cewa forfe ɗin ilimite ne, wato in ka biya na wata ba ya ƙarewa. Ya miƙo takarda, na sa hannu a tsaye, ina hira da wani abokina. Ni da nake karanta wa gari takardunsu, tawa ban karanta ba.

A wurinmu ba a hana maƙwabci garwashi, ba a hana shi ruwan randa. To abin da aka ce ba ya ƙarewa, da wane ido zan hana? Da farko ɗaya-ɗaya nake ba mutane lambar shiga, da na gaji sai na ɗauko alli daga aji na rubuta ta ɓaro-ɓaro a ƙofar zaure. Kafin mako biyu ƙofar gidana ta zama fada. Masu kallon kokawa suna nan, masu ƙwallo suna nan, tela ya maido kekensa gindin bangona, har mai shayi ya kafa tebur. Matata ta ce mini ita dai ba ta taɓa ganin abin da ɗan Adam ya sayar kuma ba shi da iyaka ba. Na yi mata dariya, na ce ta bar wa masu boko sha'anin boko. Gaskiyar magana, daɗin gaisuwar da ake yi mini nake ji.

Ina da ƙane, autanmu. Shekara uku kafin nan ya sayar da san noman mahaifiyarmu ba da saninta ba, ana tsakiyar damina, ya yi kuɗin mota ya tafi haƙar zinariya can arewa, ƙetaren iyaka. Inna ta yi fushin da ban taɓa ganin irinsa ba. Ta ce ba za ta ƙara ambaton sunansa ba sai ranar da ta ga fuskarsa yana neman gafara. Ya sha aiko saƙon murya, tana jin ta gane shi sai ta tashi ta bar wurin.

Ran nan wani abokin aikinsa ya aiko mini saƙo cewa rami ya rufta da shi. An kai shi asibiti, an sa masa tiyo a maƙogwaro, ba ya iya magana, amma yana gani yana ji. Za a yi masa aiki ranar Juma'a, likitoci kuma ba su ɓoye ba, abin sai addu'a. Abokin ya ce da hannu ƙanena yake ta nuna yana son ganin Inna. Shi abokin ba shi da layin ƙasar, wifin asibiti yake kamawa, saboda haka kiran bidiyo kaɗai ne hanya, kuma mintoci kaɗan za a ba su kafin a shiga da shi ɗakin tiyata.

Ranar Alhamis na ɗauko Inna daga ƙauyenmu a amalanke. Ba ta yi gardama ba. Da muka iso na lura akwatin ya yi sanyi, hoto ma da ƙyar yake buɗewa. Na ɗauka yawan jama'a ne. Na fita na goge allin da tsumma, na sauya lamba, ƴan fada suka watse suna gunaguni, wani har yana cewa dama arzikin ɗan boko ba ya daɗewa. Na koma ciki hankalina kwance, ina ganin na gyara. Da na san gaskiya, da ko a bayana ne na goya Inna zuwa Tasawa.

Washegari Juma'a kiran ya shigo da hantsi. Inna ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na Salla, ta zauna a tabarma ta riƙe wayar da hannu biyu. Abin da ya fito wani dishi-dishi ne, fari da toka, ya tsaya cak ba ya motsi.

"Ina shike?" in ji ta. "Ni ban ga kowa ba, Mushe."

Na ce mata shi ne, ta yi magana yana ji. Ta kai bakinta dab da gilashin, ta kira sunan da ta shekara uku ba ta kira ba.

"Na yahe maka, auta. Duniya da lahira na yahe."

Kiran ya yanke. Muka sake, ya ƙi. Na sa ta maimaita a saƙon murya, saƙon ya yi ta juyawa bai tafi ba sai bayan la'asar. Kafin nan an shiga da shi, kuma bai farka ba. Daga baya abokin ya gaya mini cewa su a can ko kalma ɗaya ba ta isa ba. Ƙanena ya yi ta kallon baƙin gilashi har aka tura gadonsa.

Bayan addu'ar bakwai na tafi ajans, wato ofishin kamfanin, a Tasawa da takardata. Ma'aikaciyar ta juya ta, ta ɗora farce a kan wani layi can ƙasa, rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero. An rubuta cewa in an kai wani adadi na jiga, ma'aunin data, za a rage gudun har sai wata ya sabunta. Ta ce ai ba a yanke mini ba, an dai rage, saboda haka ilimite ɗin yana nan. Ƴan kallon kokawa sun cinye adadin tun kafin in sauya lamba, goge allina bai maido komai ba. Raina ya ɓaci, na ce zan koma wani kamfani. Ba ta ko ɗaga murya ba, ta tambaye ni cikin ladabi wane kamfanin ne kuma yake isa Kanan-Bakashe. Na naɗe takardata na fito. Da wata ya sabunta, ni ɗin nan na koma na biya, don babu wurin zuwa.

Har yau ina jin haushinsu, kuma ba zan daina ba. Wanda ya san ba ka da wata ƙofa ba ya jin kunyar rubuta gaskiya a inda ido ba ya kai. Amma ba su suka riƙe hannuna na sa hannu ba, ba su suka ba ni alli ba. Ina roƙon mai karanta wannan, musamman ƴan'uwana na karkara da kamfani ɗaya ya riƙe wa wuya, in an ce maka abu ba ya ƙarewa, ka zauna ka sa a nuna maka inda yake ƙarewa. Kuma kada son a yabe ka ya sa ka raba abin da ba ka san iyakarsa ba.

Inna tana nan da rai. Ban taɓa gaya mata abin da abokin ƙanena ya faɗa ba. Duk lokacin da na je gaishe ta, in mun gama gaisuwa sai ta tambaye ni ko dai auta ya ji ta ranar nan. Ni kuma in dube ta in ce ya ji.