Habaicin Badiyya Mai Dambu

A layinsu na Agege, in ka tambayi Badiyya mai dambu, za a nuna maka gidan da ƙamshin soyayyen nama ke fitowa, sannan a ja maka kunne kada ka cika tambaya in ka shiga. A nan aka haife ta. 'Yar mahauci ce, kuma ban da sanin nama, abin da ta gada a wurin babanta shi ne rashin yarda da mutane. In ka gaishe ta da fara'ar da ta fi ta jiya, wuni za ta yi tana tunanin me kake nema. Kayan yajinta a gwangwani suke, gwangwanin a akwati, makullin kuwa a ƙulle a bakin zaninta.

Mutum ɗaya ce ta samu shiga zuciyarta, Rahila, wadda ɗakinta ke kallon nata. Tare suka yi goyo, ita ta zauna da ita lokacin takaba, ita ke kama mata dakan nama in aiki ya yi yawa. Badiyya ba ta da wata ƙawa a duk Legas, kuma ta san haka.

Rahilar ce ta matsa mata a kan buɗe shafin talla a intanet.

"Yaya Badiyya, ciniki ya koma waya fa. Layi biyu kawai za ki rubuta, ki sa hoto, mai babur ya kai wa mutane har Yaba."

"Su wa za su gani?"

"Kowa mana."

"Kowa har da maƙiya, abi?"

Da ƙyar ta yarda. Abin da ta fara wallafawa shi ne, "Akwai dambu." Hoto kuwa sai da aka yi rigima, don a ganinta nuna wa duniya tukunyarka neman baki ne. Duk wanda ya bi shafin sai ta buɗe hotonsa ta ƙare masa kallo. Wani bawan Allah da ya sa hoton mage ta toshe shi nan take, ta ce mutumin kirki ba ya ɓoye fuskarsa. Wanda ya yaba bai ce tubarkalla ba, ta tofa addu'a a kan wayar. Duk da haka ciniki ya buɗe, musamman da yake Rahila ba ta barin rubutunta ya huce, tana gani take yaɗa shi.

Ana nan sai Badiyya ta ci karo da shafin wata mai dambu a Ojo. Roba iri ɗaya, jan murfi iri ɗaya. Ta sa aka sayo mata, ta ɗanɗana, ta ji kimba da masoro sun fito daidai yadda take sa nata. Kowace mai dambu tana sa kimba da masoro, amma je ka faɗa wa Badiyya. Ta duba mabiyan matar, sai ga sunan Rahila a ciki. Shi ke nan, a wurinta an gama shari'a. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, har abinci ya daina mata daɗi.

Ba ta tare ta da maganar ba, don ba haka matan gidan suka saba ba. In wata ta ɓata miki, tsintsiya kike ɗauka, ki juya baya kina shara kina sakin habaici. Mai shi ta ji, ta gyara, in an tambaye ki ki ce da kaji kike. Kafin azahar iska ta kwashe maganar, a ci gaba da zama. Badiyya ta ɗauka wayar ma tsakar gida ce, sai ta rubuta: "Akwai wadda ke min dariya da safe, da yamma ta kai sirrin tukunyata kasuwa. Na san ki, kin san kanki. Allah na gani."

Maganar ba ta tashi ba, tana nan zaune kowa na karantawa. Kalsum ƙanwar mijinta ta kira daga Sabo tana kuka, wai me ta yi. Matar mahaucin da ke ba ta nama ta aiko a tambaya ko da ita ake. Badiyya ba ta damu da su ba, ƙofar Rahila kawai take kallo.

Da ta sake duba wayar, sai ta ga Rahila ta yaɗa rubutun kamar yadda ta saba, har ta ƙara nata a sama: "Duk wadda ta taɓa yayata ni ta taɓa. Allah ya isa."

Ba a jima ba sai ga ta, ta ci ɗamara da mayafi, ido jawur.

"Yaya, wace ce? 'Yar Ojon nan ce ko? Ni dama tun da na ga robarta nake bin shafinta ina sa mata ido. Oya, faɗa min wadda ta kai mata, wallahi yau sai ta san da wa take."

Wannan karon babu damar cewa da kaji take. Badiyya ta sunkuyar da kai tana juya ludayi a tukunyar da babu komai a ciki.

Rahila ta tsaya tana kallonta. Ta daɗe tana kallonta. Sannan a hankali ta kwance ɗamarar, ta yafa mayafin a kafaɗa.

"Au," ta ce. "Da ni kike."

Ta juya ta shiga ɗakinta ta saki labule. Washegari Badiyya ita kaɗai ta daka namanta.